Birkin Chevelle 1969: daga bustar iska zuwa ta mai

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Na ɗora gejin tsotso, wato ma'aunin ƙarfin da injin ke zuƙar iska da shi, a kan injin bayan ya yi zafi sosai. A silo, allurar tana yawo tsakanin inci 8 da 9. Bustar birki kuwa, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi idan an taka birki, wadda ke jikin motar tun 1969, tana buƙatar inci 16 zuwa 18 kafin ta yi aikinta yadda aka ƙera ta. Wannan giɓin shi ne matsalar, kuma shi ya sa na fara rubuta wannan aikin.

Motar Chevelle SS 396 ce. A waccan shekarar duk wanda ya sayi SS 396 yana samunta da birkin dis a gaba, durom a baya, da busta tun daga kamfani, don haka ba a ƙera ta da raunin birki ba. Abin da ya canja shi ne kamshaf, sandar da ke buɗe bawul-bawul ɗin injin. Wanda ke ciki yanzu mai dogon buɗi ne, akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe a tare. Wannan ne ke ba injin numfashi idan ya hau sama, shi ne kuma ke kawo gurnanin nan da nake matuƙar so idan tana tsaye. Amma a silo fistin ba ya iya jan tsotso mai ƙarfi, busta kuwa da tsotson take rayuwa.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Faifan robar da ke cikin busta mai faɗin inci 11 yana da fili kusan inci murabba'i 95. Tsotson inci 18 daidai yake da psi 9 ba kaɗan (psi shi ne matsin fam ɗaya a kan kowane inci murabba'i), wato turin da ya haura fam 800 a takarda. Idan tsotson ya dawo inci 9, rabin wannan taimakon ya tafi. A kan babbar hanya ba na jin komai, domin da na ɗaga ƙafa daga totur tsotso ke hauhawa. Inda abin ke ba ni tsoro shi ne cikin gari: taku na farko lafiya, na biyu da nauyi, na uku fedar ta ƙi motsi, mota mai nauyin sama da tan ɗaya da rabi tana ci gaba da gangarawa wajen fitilar hanya. Na auna matsin man birki a kalifar gaba, wato abin da ke matse dis, na taka iya ƙarfina a silo, na samu wajen psi 750. Birkin dis yana son 1,000 zuwa 1,200 a tsayawar gaggawa.

Nan Ohio, a Amurka, gishirin narkar da ƙanƙara ne cike da tituna har zuwa ƙarshen sanyi, yana kuma sa mota tsatsa, don haka motar ba za ta fita ba. Lokacin aiki ke nan.

10 ga Fabrairu

Hanyoyi huɗu na auna. Gwangwanin ajiyar tsotso yana da arha, amma abin da injin ya ba shi kawai yake ajiyewa, ba ya ƙirƙirar komai, a cunkoso zai ƙare. Famfon tsotso na lantarki yana aiki, sai dai ƙararsa da yawan kunnuwa da mutuwarsa ba su yi mini ba. Cire busta gaba ɗaya a koma birkin ƙafa zalla hanya ce mai kyau wadda masu tsere suke bi, kuma ina girmama ta: ka mayar da sandar turi ramin sama na feda, ka sa masta, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi, mai siririn rami, fam 100 na ƙafarka ya zama fam 600, a masta mai inci 1 ya ba ka psi 760 da ɗoriya. Yana tsayar da mota, amma kullum da ƙarfin cinya, ni kuma ina son uwargida ma ta iya tuƙa wannan motar hankali kwance.

Saura ta huɗu, wato Hydro-Boost. Kamfanin Bendix ne ya fito da ita a shekarun 1970, aka fi saninta a manyan motocin ɗaukar kaya da masu injin dizal, waɗanda ba su da tsotson da za a dogara da shi. Ford ma ya sa ta a Mustang mai injin 4.6 daga 1996 zuwa 2004, saboda faɗin injin bai bar wa bustar iska wuri ba. Maimakon iska, matsin man famfon sitiyari take amfani da shi. Mai yana fitowa daga famfo, ya ratsa ta cikinta, ya wuce akwatin sitiyari. Da ka taka feda, wani bawul mai zamewa a ciki zai karkatar da wani ɓangare na man zuwa bayan fistin, fistin ya tura masta. Ko kamshaf ɗinka yaya yake, ba ruwanta.

Na yanke shawara a kanta. Amma tun yanzu ina rubuta wa kaina abu ɗaya: daga ranar da na haɗa ta, famfon sitiyari da bel ɗinsa da kowane tiyo da ke tsakani sun zama kayan birki. Haka zan duba su, haka zan kashe musu kuɗi.

24 ga Fabrairu

Na samo ta a filin da ake kwance tsofaffin motoci, a jikin Chevrolet Astro. Masu irin wannan aikin suna yawan neman ta Astro da ƙanwarta GMC Safari, domin ba ta da girma kuma mastocin GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, suna hawa bakinta. Kafin in sa sifana, na taka fedar motar sau da yawa don in sauke duk matsin da ya rage a kwalbar ajiya, wadda ke riƙe matsi don birki ya samu taimako ko injin ya mutu. Wannan kwalbar da ke gefe iskar naitirojin ce a matse a cikinta. Ba a dukanta, ba a kai mata wuta, ba a buɗe ta da wasa.

Na ɗauko har da sandar da ke tura masta, da sifirin ɗinta, da ɗan faifan da ke riƙe su. Sau da yawa idan mutum ya sayi wadda aka gyara a kanti ba ya samun waɗannan ukun a kwali, kuma neman su daban wahala ne.

A gida na wanke ta na duba wurare biyun da take yoyo idan ta tsufa: bakin da masta ke zama, da wajen sandar feda, wanda idan ya lalace mai zai riƙa ɗiga a kan kafet kusa da ƙafar direba. Bakin masta da ɗan danshi. Na yi odar sil-sil ɗin gyara.

2 ga Maris

An canja sil. An cire tsohuwar busta da masta daga motar. Sai yau na ga fulogi na ƙarshe a ɓangaren direba ba tare da na lanƙwasa wuya ba.

9 ga Maris

Yau aikin ƙarfe ne, kuma a nan ne nake ganin yawancin ayyuka irin wannan suke gyaruwa ko su lalace.

Fedar birkin Chevelle tana da ramuka biyu. Na sama na birkin ƙafa zalla ne, yana ninka ƙarfi kusan sau 6. Na ƙasa na mai busta ne, kusan sau 4. Kamfani ya ɗora bustar iska a kan ƙafafun ƙarfe masu karkata, hancinta ya ɗan kalli sama, domin sanda ta miƙe sak zuwa ramin ƙasa. Idan ka manna sabuwar a bangon injin a kwance, sandar za ta nufi ramin sama, ka haɗa ninkin 6 da ƙarfin mai, birkin ya zama mai zafin rai, ɗan taɓi kaɗan mota ta durƙusa. Idan kuma ka tilasta sandar ta karkata zuwa ramin ƙasa, tana turawa a gicciye, za ta ci sil ɗin ciki ta fara yoyo. Don haka dole farantin da za ta zauna a kai ya ɗauki karkatar da kamfani ya yi tun asali.

Farantin Astro ba ya hawa ƙusoshi huɗun da ke bangon Chevelle. Wani ƙaton noti ne da zoben ƙarfe suke riƙe shi a wuyan bustar. Na kwance, na zana sabo a kwali, na kai wa wani dattijo maƙwabcina da ya yi shekaru yana aikin injin sassaƙa ƙarfe. Ya yanko shi daga ƙarfe mai kauri, ya yi waldar ƙafafun, ya kuma bar ɗan haƙorin da ke hana bustar juyawa a cikin ramin. Da ya miƙo mini sai ya ce in gwada shi babu masta tukuna, in taka feda da hannu in ji ko akwai inda take cijewa. Na yi hakan. Tana tafiya tana dawowa sumul.

Sandar feda ta Astro mai ido ce a baki, kuma tsayinta bai dace ba. Mun yanke idon, muka yi mata zaren 3/8-24, wanda shi ne zaren cokalin da ke kama fedar GM na wancan zamanin. Na ɗaure da noti na biyu, na bar ɗan wasa kaɗan a saman feda. Wannan wasan wajibi ne. Idan sanda ta riƙa danna busta ko da kaɗan ne alhali ƙafarka ba ta kai, birki zai riƙa kamawa da kansa kana tafiya. Makunnin fitilar birki ma sai da na matsar da shi, domin fedar ta ɗan sauya mazauni.

Na juya bustar yadda kwalbar ajiya ba za ta taɓa murfin bawul ba. Akwai sarari wajen yatsu biyu.

16 ga Maris

Azumi ya kama, aikin zai ragu zuwa abin da zan iya yi bayan sallar asuba.

Masta: na ɗauki mai ramin inci 1 da 1/8, irin ta ƙarfe da ake sa wa Corvette. Filin fistin ɗinta kusan inci murabba'i ɗaya ne cif, abin da ke sauƙaƙa lissafi, duk fam ɗin da ya shiga kusan psi ɗaya ne ya fita. Da bustar mai gara rami mai faɗi, saboda ƙarfi ya wadata, abin da ake nema shi ne feda mai tsayi wadda ba ta nutsewa.

Mastocin GM iri biyu ne ta baya, akwai mai zurfin gurbi akwai mai gajere. Sandar Astro da mai gajere take tafiya. Na auna tazarar da ke tsakanin kan sanda da fistin, na daidaita ta a wajen inci 0.020. Idan babu tazara, fistin ba zai koma gida ya buɗe ƙaramin ramin da mai ke komawa tanki ba, birki ya yi zafi, mai ya kumbura, tayoyi su kame. Idan tazarar ta yi yawa, feda za ta yi tafiyar banza kafin ta kama. Na fitar wa masta iska a kan benci kafin in ɗora ta.

Na ware mazurari biyu, na rubuta wa kowanne suna da fenti. Man sitiyari daga fetur aka samo shi, ɗigo kaɗan a cikin man birki zai kumbura duk robar da ke cikin layin. Yanzu da tankunan biyu suke aiki wa birki ɗaya, wannan haɗarin ya matso kusa.

13 ga Afrilu

An sha sallah lafiya, an dawo gareji. Tiyo.

Motocin GM kafin 1980 bakin bututunsu mai leɓe ne da zaren inci. Daga 1980 aka koma zaren milimita da zoben roba. Wato akwatin sitiyarina yana magana da inci, bustar Astro tana magana da milimita: 18 a mashigar da ke zuwa daga famfo, 16 a mafitar da ke tafiya akwatin sitiyari. Na sa wa kowane baki mahaɗin da ke mayar da shi girma ɗaya, wanda ake kira AN 6, sannan na haɗa tiyo biyu na babban matsi. A nan ban nemi arha ba. Tiyon fetur mai saƙar ƙarfe a waje yana kama da na matsi a ido, amma ba a yi shi don psi dubu da ɗoriya ba, kuma wannan layin yana bi ta saman bututun salansa masu zafi. Idan ya fashe, birki da sitiyari za su yi nauyi a lokaci ɗaya, ga mai yana feshi kan ƙarfe mai zafi. Na bi da su ta jikin bangon taya, na ɗaure da maƙalai, na sa rigar zafi a inda suka fi kusa da salansa.

Famfon da na yi oda, mai tanki da bakin dawowa biyu, bai iso ba. Don in ji yadda tsarin yake, na haɗa layukan dawowa biyun da mahaɗi mai baki uku na wucin gadi.

14 ga Afrilu

Na ɗaga gaban motar a kan jak, na cika tanki, injin a kashe, na riƙa juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali ina ƙara mai. Sannan na cire wayar koyil na juya injin da sitata kaɗan-kaɗan don famfo ya tura mai ba tare da ya kaɗa shi ya yi kumfa ba. Duk da haka da ya tashi, man ya yi fari, famfo ya yi ta kuka. Na kashe, na bar kumfar ta kwanta, na sake.

Babban ɗana ne a kujerar direba. Na ce masa ya taka feda har sai ta yi tauri, injin a kashe, ya riƙe ta, sannan ya tayar. Ya ce, "Baba, ta nutse kaɗan, sai kuma ta turo mini ƙafa." Wannan ita ce alamar da ake nema, busta ta karɓi matsi.

Sai dai fedar tana jinkirin dawowa, kuma da ya juya sitiyari ina ganinta tana ɗan sunkuyawa da kanta. Dalilin a fili yake. Layin dawowar akwatin sitiyari kullum cike yake da mai mai gudu, na busta kuwa ɗan tofi ne kawai yake yi idan an saki feda. Da aka haɗa su wuri ɗaya, mai gudun yana danne mai tofin, matsin ya koma bayan fistin. Wannan ɗan tiyon mai inci 5/16, wanda ya fi kowanne arha a duk aikin, shi ke yanke hukuncin ko birki zai saki. Motar ba za ta sauka daga jak ba sai tankin ya zo.

27 ga Afrilu

Famfo ya iso da tankinsa mai baki biyu, irin wanda GM ke sa wa manyan motocinsa masu wannan bustar. Ƙirar Saginaw ne shi ma kamar tsohon, ya hau mazauninsa ba gardama. Bambancin yana wajen fuli. Tsohon da noti da ɗan maɓalli ake ɗaure shi, na bayan tsakiyar shekarun 1970 kuwa matsa shi ake yi a kan sanda da abin aiki na musamman. Ba a buga shi da guduma, cikin famfon zai lalace. Na riƙa matsawa kaɗan ina ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fulin ƙasa, har suka tsaya a layi ɗaya. Na ɓata lokaci a nan da gangan, domin injin da ke hawa sama da sauri yana jefar da bel ɗin da bai miƙe ba, bel ɗin nan kuwa yanzu shi ke riƙe da taimakon birkina. Na sa sabo, na ajiye wani a but tare da sifanarsa.

Kowane layin dawowa ya samu bakinsa. Na kuma sa ƙaramin abin sanyaya mai a layin sitiyari, gaban lagireto. An sake fitar da iska. Feda tana dawowa nan take, sitiyari ba ya taɓa ta.

Gejin kalifa ya nuna psi 1,300 da matsakaicin taku, a silo ɗin nan dai mai inci 9.

4 ga Mayu

Fita ta farko, a wani babban filin ajiye motoci da babu kowa da sassafe.

Fedar daban take da wadda na saba. Ba ta da laushin nan na bustar iska, gajeriyar tafiya ce mai tauri, ƙarfin yana ƙaruwa daidai da yadda ka danna. Taku na biyar a jere daidai yake da na farko, abin da na shiga aikin dominsa ke nan, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Idan na danna da ƙarfi ina jin ɗan huci daga bustar da ɗan motsi a tafin ƙafa, wannan ɗabi'arta ce.

Amma a gudun mil 40, da na taka irin na gaggawa, tayoyin baya suka kulle kafin na gaba, gindin motar ya fara zamewa gefe. Bustar ba ta ƙara wa taya riƙon kwalta ba, ba ta faɗaɗa dis ba, ba ta sauya durom ɗin baya ba. Matsin da a da ƙafata ba ta iya kaiwa shi ta kawo, da ya zo kuma sai ya tona rashin daidaiton da ke ɓoye tsakanin gaba da baya. Lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, baya ya yi sakayau, durom kuwa da ɗan matsi yake cafkewa. Duk wanda zai yi wannan aikin ya sa kuɗin bawul ɗin daidaita matsin baya a lissafinsa tun farko.

Na yi gwajin da ya fi muhimmanci a wurina. Ina tafiya a hankali na sa giya a furi na kashe injin. Sitiyari ya yi nauyi nan take. Birki ya ba ni taku biyu masu cikakken taimako daga kwalbar ajiya, na uku rabi, daga nan sai ƙarfin ƙafa zalla a kan ninkin 4 da masta mai faɗi, wato fam 100 ya ba ka psi 400 kacal. Motar tana tsayawa, amma sai ka miƙe a kan fedar. Darasin da na ɗauka na tuƙi shi ne idan injin ya mutu ko bel ya tsinke, taku ɗaya mai ɗorewa ake yi a riƙe, ba a famfa feda, kowace famfawa zubar da ajiya ce. Sai da na sa uwargida da yaron kowa ya gwada wannan da ƙafarsa a filin, domin ban yarda wani ya fara sanin haka a tsakiyar titi ba.

11 ga Mayu

Na sa bawul mai juyawa a layin baya, a jikin firam inda hannu ke kaiwa. Na fara daga rage matsin sosai, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan ina gwadawa, har na kai inda gaba ke fara kuka baya na biye da shi. Na gwada da tanki cike, na gwada da kusan fanko, na tsaya a inda ya yi daidai da fankon, tunda a nan ne baya ya fi sauƙin kullewa. Yanzu tana tsayawa a miƙe.

Birkin hannu, wanda a wannan motar na ƙafa ne, na canja masa waya na daidaita shi.

25 ga Mayu

An yi tafiyar mil ɗari biyu da wani abu, cikin gari da babbar hanya. Kukan famfo da safe ya ɓace, ragowar iskar ta gama fita da kanta. Man ya sauka kaɗan a makon farko na cika, bai sake sauka ba. Na bi kowane mahaɗi da farin tsumma, a bushe suke, kafet ma a bushe. Bel ya ɗan saki kamar yadda sabo ke yi, na ƙara ɗaure shi.

Abu ɗaya da na lura: idan ina juya sitiyari har ƙarshe wajen fakin kuma ina kan birki a silo, sitiyarin yana ɗan yin nauyi na ɗan lokaci, domin su biyun famfo ɗaya suke roƙo kuma a silo ba ya juyawa da sauri. Zan ɗaga silo kaɗan in gani kafin in taɓa bawul ɗin famfo, don ba na son in ɗora wa tsohon akwatin sitiyari matsin da sil ɗinsa ba za su ɗauka ba.

Tayoyin gaba sun tsufa, kuma yanzu su ne iyakar birkin. Na yi odar sababbi. Idan sun hau, sai in koma filin in sake daidaita bawul ɗin baya, tunda riƙon gaba zai canja.